Yadda Muka Auna Mashaya da Ma'aunin Turkiyya

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Rano. Sai aka turo mana wani likita, ɗan Kibiya, wanda ya yi karatu a Turkiyya. Ya zo da wasu tambayoyi da Turkawa ke yi wa mutum don su gane ko giya ko ƙwaya ta kama shi, da irin nisan da ya yi. Burinsa mu mayar da su Hausa mu gwada a kan mutanenmu. Ya ce ba a yarda da ma'auni sai an tambayi mutum sau biyu, da tazara a tsakani, an ga amsarsa ba ta canza ba.

Muka kai wa shugaban ƙaramar hukuma fassarar don neman izini. Bai daɗe da cin zaɓe ba. Ya karanta, ya tura hula gaba.

"Likita, giya kuma? A takardar da za ta fita da hatimina? Ai mun hana ta."

"Ranka ya daɗe, tambaya ce kawai."

"To a yi tambayar, a cire sunan."

Haka muka bi muka goge giya duk inda take, muka sa "abin da kake sha".

A Tarai muka fara, da wani dattijo, ladanin unguwa. Na ce, "Baba, tun da safe kake fara shan abin da kake sha?"

"Kafin ma rana ta fito."

"Iyali sun taɓa yi maka magana a kansa?"

"Kullum sai mai ɗakina ta yi mita."

"Ka taɓa ƙoƙarin bari ka kasa?"

"Ɗana, ranar da ban sha ba kaina kamar zai tsage."

Likita ya haɗa maki, ya ce a Turkiyya da yau za a kwantar da shi. Da na ƙara bincikawa, ashe shayi yake nufi.

Daga nan muka riƙa faɗin sunan abin da baki. Amma labari ya riga ya bazu cewa duk wanda ya amsa, gaban alƙali zai je ya sha bulala. A Madachi akwai wani mai gyaran keke da ni da hannuna na taɓa ɗinke masa goshi bayan ya faɗa kwata a buge. Ya rantse mini bai san ko launin giya ba, yana maganar warinta na dukan fuskata. Muka gama zagayen farko kusan kowa waliyyi ne.

Bayan girbi muka koma zagaye na biyu. Ban san wanda ya ƙirƙiro zancen ba, amma an ce duk wanda aka samu abin ya yi masa yawa za a kai shi Turkiyya magani, kuma jirgin yana yada zango a Jidda. Muka tarar da layi har bakin titi. Wata tsohuwa ta ce ita sholisho take sha, wato gam ɗin facin taya da samari ke shaƙa.

Na ce, "Iya, yaya kike shan sa?"

"A kofi mana, da ɗan sukari."

Mai gyaran keke ya iso da shaidunsa, ransa a ɓace. "Malam, ni da na daɗe ina fama, yau waɗanda ko shinshinawa ba su taɓa yi ba za su shige gabana?"

Wanda na fi tunawa cikin 'yan kaɗan da amsarsu ba ta canza ba wani manomi ne daga Kahu. Ƙwayar ƙarin ƙarfi ya fara haɗiya don noman damina, har ta kai ba ya iya ɗaga fartanya sai da ita. Bai tambayi bulala ba, bai tambayi jirgi ba. Ya ce barci kawai yake so ya samu. Likita ya sa shi a motarsa ya kai shi asibiti a Kano. Ya daɗe kafin ya dawo, amma ya dawo da ƙafarsa, ya koma gona.

Likita ya rubuta cewa gwajin bai tabbatar da komai ba. Shugaba bai ga haka ba. Sakamakon farko ya karanta wa malamai a taro, aka yi ta kabbara. Na biyu kuma ya kai birni, ya ce annoba ta cinye masa jama'a, a gina masa cibiyar gyaran hali.

An kuwa gina ta, an yi mata fenti, an yanka zare. Ba a taɓa turo mata ma'aikaci ba. Daga baya a ciki ake ajiye takin zamani, ana buɗe ta idan zaɓe ya matso.