Daudu Maƙeri da Lissafin Rijiyar Burtsatse

A shekarar 1973, shekarar fari, na fara sanin Daudu. Na fito daga makarantar mishan ta Roni ke nan, an tura ni koyarwa ƙauyensu kusa da Gwiwa. Maƙeri ne, amma wa zai sayi fartanya a shekarar da ba a yi shuka ba? Wata rana na kai masa gyaran sarƙar keke, na ga murhunsu ba alamar wuta. Washegari na ajiye rabin buhun gero bayan maƙerarsa, ban gaya wa kowa ba. Shi ma bai taɓa ɗaga zancen ba.

Mutum ne mai ƙarancin magana. Garmar da ya ƙera mini tana nan har yau.

Bara muka tara kuɗin rijiyar burtsatse, aka naɗa ni ma'aji. Saboda an sha cin amanarmu a baya, na kafa sharaɗi: kowa ya tura ta waya, a karanta sunaye da adadi bayan Juma'a. Daudu ya nuna bai so ba. A ganinsa kuɗin waya ba su da sutura, suna tafe da sunan mai su a goshi. Na ce masa gaskiya ba ta tsoron rana.

Sai fanshona ya makara wata uku. Ni da na kafa doka, ga shi za a karanta sunaye ba nawa.

Ranar Alhamis saƙo ya shigo daga asusun Zubaida mai POS: naira dubu ashirin, an rubuta sunana, Malam Ahmad. Na je na ce ta yi kuskure, ban ba ta ko sisi ba. Ta ce babu kuskure, kuma amanar mutane ita ce jarinta.

Aka karanta sunana. Na Daudu babu. Musaddiƙ tela ya ce, “Baba Daudu, ko da guduma za ka biya?” Aka yi dariya, Daudu ma ya murmusa.

Bayan rasuwarsa da damina, Zubaida ta zo gida, ta durƙusa.

“Baba Malam, ya ce in ya riga ka, in faɗa maka dubu ashirin ɗin nan kuɗin geron nan ne. Ya ce kai ba ka sa sunanka ba, shi ma ba zai sa nasa ba.”