Dami Guda Na Malam Umaru

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah ya karɓi ran mahaifina, Malam Umaru, a ƙauyenmu da ke kusa da Fakku a ƙasar Kebbe. Allah ya jiƙansa. Har yau akwai masu ce masa Mai Dami Guda suna murmushi, wato marowaci suke nufi. To yau zan ba su amsa, don kwanan nan aka jefe ni da wannan suna a cikin gidana, kuma wallahi ban yi niyyar haɗiye shi ba.

Ga inda sunan ya fito. Duk kaka, in an gama ɗaurin gero, Baba zai tara mu mu biyar, maza da mata, ya ba kowa dami guda. Kowa ya ɗaura wa nasa tsumman da zai gane shi, a jera su gefe ɗaya cikin rumbu. Tuwo da magani da kayan makaranta duk a wuyansa suke. Amma kuɗin kashewa a hutun ƙarfe tara na makaranta, man shafawa, lallen Sallah da duk wani kwaɗayi, daga daminka za su fito har wata kakar. In kana so, ka sussuka kwano ɗaya ka kai kasuwar Kebbe. Ba ya tambayar abin da ka saya, ba ya kuma ƙarawa, ko da birgima za ka yi a ƙasa.

Ina shekara goma sha biyu na yi wautar da kowane ɗan manomi ya san wauta ce. Na ga wani takalmi mai ƙyalli a kasuwa, hankalina ya tashi. Na sussuke damina kakaf, na sayar a tsakiyar kaka, lokacin da gero ya cika kasuwa ba mai kallonsa. Baba ya gan ni na ɗauko kaya a ka, ya ce, “Naki na, Saratu, ba nau ba.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Takalmin kuwa ko wata biyu bai yi ba igiyarsa ta tsinke.

Daga nan na san tsawon shekara. In an fita tara, ƙawayena su nufi mai ƙosai, ni in zauna gindin itacen bedi kamar mai bitar karatu. Da damina ta faɗi, gero ya yi tsada, ƙanwata ta fito da nata kwano-kwano tana sayarwa, tana tauna ƙuli-ƙuli a gabana da gangan. Na yi kuka har na gaji. Goggona ta zo ta yi wa Baba tas, maƙwabta suka ce wane irin uba ne wannan, rumbu cike amma ɗiyarsa na kallon bakin mutane. Shi dai ya ce kaka tana tafe. Da ta zo, ya miƙo mini dami guda daidai da na kowa, bai rage ba, bai yi mini gori ba. Na riƙe wannan damin har aka yi shuka.

Yanzu ni malamar firamare ce a Tambuwal, kuma ɗiyata Asma'u tana karatu a Sakkwato. Ba ni da rumbu, sai albashi. Duk ɗaya ga wata nakan aika mata da shinkafa, wake, mai da gari, sannan in tura kuɗin kashewa na wata guda a dunƙule. Wannan watan, kwana tara kacal suka yi. Ankon bikin wata ƙawa da ɗinkinsa suka lashe su. Ta kira ni tana shagwaɓa, na tambaye ta ko abinci ya ƙare, ta ce a'a. Na ce to ɗaya ga wata tana tafe.

Sai ta kai ƙara wurin yayana Bello. Ya hau babur tun daga Dogon Daji ya zo ya same ni ina shara. “Haba Saratu, ɗiya guda ɗaya tal? Halin Mai Dami Guda na kinka ɗauko!” Na ajiye tsintsiya na ce, “Yaya, da damin nan anka yi ka mutum. In ka tura mata ko sisi, yau zan mayar maka da abinka.” Ya kaɗa riga ya tafi yana cewa zamani ya canza.

Eh, ya canza. Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga yau: yaro ya latsa waya, uwa ta ruga wurin mai POS, kafin hawayen su bushe kuɗi sun shiga. Yaron bai taɓa ganin ƙarshen abinsa ba, ta ina zai koyi tattali? Muna cewa tausayi ne, alhali sau da yawa kunnenmu muke ceto daga ƙorafi, da bakin dangi. Na sani da Baba zai zauna ya ji yadda ake turawa, ya jinjina kai, sannan ya tambaya ko ana iya kulle abin sai wata ya kama.

Amma akwai abin da masu kiransa marowaci ba su sani ba, ni ma ban sani ba sai bayan addu'ar bakwai ta rasuwarsa. Na ce wa Inna, mahaifiyarmu, ni dai Baba ya gasa ni a shekarar takalmi. Ta dube ni ta ce, “Ke ba ki san komi ba. Tun randa kinka sai da daminki har anka yi sabon gero, ubanki bai sa goro bakinai ba. Yac ce ba shi iya cin daɗi ɗiyatai na kallo.” Mutumin da ko gona ba ya fita sai da goro a aljihu! Na tashi na shiga ɗaki, na yi kukan da ya fi na ranar rasuwa.

Gonar an raba, rumbun ya rushe, tsumman da na ɗaura wa damina ya daɗe da zama ƙasa. Abin da ya rage mini daga gare shi halin nan ne da Yaya Bello ya zo gori a kansa, kuma na karɓa hannu bibbiyu, har da rabinsa da ba a gani. Yau kwana goma sha biyu in an fita tara abokan aikina na sayen fura da awara, ni ina zaune ina duba littattafan yara, na ce musu ciki ne ke damuna.

Asma'u, in kin karanta wannan, to kin ji inda uwarki take. Kewarki nake, kuma ranki ya ɓaci, na sani. Amma sai ɗaya ga wata.