Magaryar Baba Andrawus

Andrawus mutumin Bogoro ne. Ya shigo Bauchi da ƙuruciyarsa, ya yi shekara arba'in da wani abu yana renon dashen itatuwa, har bayansa ya ranƙwafa. Da ƙarfi ya ja baya sai ya samu gadi a makarantar Hajiya Ni'ima da ke Gwallameji, aka ba shi ɗakin bakin ƙofa, shi da matarsa Dorcas. A ƙofar nan nake suyar awara, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Ban da awara kuma, ni nake wanke gawar mata a layinmu.

Kun dai san Gwallameji. Kowa ya sayi fili, bishiyar da ya tarar ita zai fara kayarwa kafin ya sauke bulo. Bayan ajujuwa akwai wani kango da ake zubar da shara. Andrawus ya roƙi Hajiya ta bar masa shi. Ya tara 'yan aji huɗu da biyar, ya ce duk wanda ya sha magarya ko kanya ko tsamiya kada ya yar da ƙwallon. Suka yi ta kawowa a aljihu, iyayensu mata na ta tsaki wurin wanki. Ya koya musu jiƙa iri da shuka shi a leda. Ruwan alwalar masallacin makaranta ya haƙa masa hanya har can. Tukunyata da ta fashe ma ya karɓe, ya binne gindinta, yara na zuba wa tsuntsaye ruwa bi da bi.

Doka ɗaya ya kafa: ba a share ganyen da ya zuba a wurin.

Na ce, "Baba Andrawus, wannan ai lalaci ne ka ɗinka wa riga."

Ya ce, "Mama Juwairiyya, ganyen nan shi ne bargon ƙasa. Ke kya yarda a yaye miki naki?"

Shekara biyar, wurin ya cika. Marai suka saƙa sheƙa, kurciya na kuka tun safe, bushiya ta haihu a ƙarƙashin ganye. Yaran da na sani da danƙon harbin tsuntsu suka koma masu gadin ƙwai. Magarya uku suka yi girma, kuma daga nan nake samun ganyen da ake dakawa a zuba a ruwan wankan mamaci. Andrawus Kirista ne, amma da ya ji an yi rashi, kafin in aika ya tsinko ya ƙulle a tsumma.

Sai aka kawo sabon hedimasta, Hafizu. Takalmi kamar madubi, kai kamar fanko. Hajiya na tafiya Umra, ya zagaya bayan aji sau ɗaya, ya ce wannan matattarar macizai ce. Ran Asabar da ba yara ya kawo masu gatari, suka kwantar da komai, suka cinna wuta. Ran Litinin wata yarinya, Liatu, ta tono bushiya a ƙone cikin toka, ta rungumo ta har bakin ƙofa tana kuka. Andrawus ya ce wa Hafizu, "Ranka ya daɗe, da ka tambaye ni." Maganar da ya yi ke nan, aka miƙa masa takarda: ƙarshen wata ya kwashe kayansa, wai ya bar makaranta da ƙazanta. Tsoho mai shekara kusan saba'in, wa zai ɗauke shi, ina zai kai Dorcas?

Ya ce mini, "Na bar shi da Allah."

Na ce, "Ka bar naka kason. Nawa yana hannuna."

Hajiya ta dawo da kwana huɗu, ba ta ko leƙa makaranta ba, Allah ya yi wa surukarta rasuwa. Aka aiko mini. Ba a rama gayya a kan mamaci, don haka na faɗa wa Andrawus ba ni da ganyen magarya. Ya hau kekensa har Inkil, can bayan gari, ya dawo da ganye, gumi sharkaf. Na wanke baiwar Allah yadda ya kamata, na kama bakina.

Ran sadakar uku tsakar gida ta cika da mata, rabinsu 'ya'yansu na makarantar. Malamai suka shigo gaisuwa, Hafizu a gaba. Na bari sai da ya durƙusa ya gama jero addu'arsa.

Na ce, "Hajiya, kafin in manta, a yi wa Andrawus godiya. Ganyen da aka wanke Inna da shi, har Inkil ya je a keke."

Ta ce, "Inkil kuma? Namu na makaranta fa?"

"Ai ga mai gatarin nan a gabanki, shi ya san inda ya kai su."

Ya fara, "Hajiya, batun tsabta ne, saboda macizai..."

Na ce, "Shekara biyar, wa maciji ya sara? Ɗana, kai ma fa sai an wanke ka. Ko da omo ka ce a yi maka?"

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta tuna gidan makoki ne, ta toshe baki da mayafi. Uwar Liatu, wadda ta zo gaisuwa tare da Dorcas, ta ɗora da labarin bushiya, da yadda 'yarta ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Ni kuma na sako maganar takardar sallama. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kawo mata takardar, ta ninke ta, ta sa a ƙarƙashin tabarma.

Andrawus yana nan a ɗakinsa. Hafizu ba a kore shi ba, kuma ni hakan ya fi mini. Duk safiya kafin a shiga aji shi ke bin yara da bokiti zuwa bayan aji, tsohon na nuna masa inda zai zuba. Kututturen magarya biyu sun tofo, ɗaya ta mutu. Daga nan har tashar keke ba mai kiransa hedimasta, Mai Gatari ake cewa.

Andrawus ya ce ya isa haka, in sassauta. Na ce sai ran da na tsinki ganye a wurin da hannuna. Shekaranjiya Hafizu ya tsaya da kansa zai sayi awara. Na ce ta ƙare, ga kasko cike yana tafasa a gabansa.