Takardar da Na Danne da Rediyo

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina malamin dabbobi, kuma har na ajiye aiki ban ga kunne irin nawa ba. Daga Ringim zuwa Aujara babu rugar da ba ta san ƙarar babur ɗina ba. In na kara kunne a haƙarƙarin saniya, sai in gaya wa mai ita abin da ta ci shekaranjiya, da wanda ya ɓata mata rai a mashaya. Abin sauraren ƙirji da ofis ya ba ni, a cikin jaka ya tsufa, ɓera ma ya ci robarsa ban sani ba. Haka nake faɗa a majalisarmu ta unguwar Takur a Dutse, kuma ana yarda, ko dai ana ƙyale ni.

Wannan kunnen ne ya kusa jawo mini asarar jikata.

'Yar fari ce ga 'yata ta fari. Mu Fulani ne, shanun sun ragu amma kunyar tana nan yadda aka bar mana ita. Don haka ana yaye yarinyar aka kawo mana ita Dutse, uwarta kuma tana can gidan mijinta a Aujara. In ta zo ganin gida ba ta ɗaukarta a gabanmu, ba ta kiran sunanta, sai dai "'yar nan" ko "waccan". Ni ma ban isa in kira sunan ba, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Dada nake ce mata, yadda muke ce wa tsohuwar.

Tun tana goye idanunta kan yi wata irin rawa. Da ta fara tafiya sai abin ya fito fili. Tana cikin wasa sai hannun dama ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma, ƙafar ma ta bi shi. Ta yi kuka, ta gaji, ta yi barci, ta farka garau tana neman ƙosai. Bayan kwana biyar sai hagu ta karɓa. Na ce wa mai ɗakina, "Gaɓoɓin Dada aikin gwamnati suka samu, wannan ya tafi hutu wancan ya dawo." Ba ta yi dariya ba. Ni ma da na fita soro sai da na goge ido.

Wasu suka ce shan inna, wasu farfaɗiya, wasu iska. Malamin makarantar allo da ke maƙwabtaka da mu ya yi mata tofi na mako guda, sannan shi da kansa ya ce, "Alhaji, addu'a ba za mu fasa ba, amma a kai ta asibiti." Daga asibitin Dutse aka tura mu Kano, wurin wata likitar ƙwaƙwalwar yara, wadda in ka gan ta a hanya sai ka ce 'yar makaranta ce.

Ta yi mana tambayoyi har na ji kamar a gaban alƙali nake. Wanka yana tayar mata da abin? Mai ɗakina ta ce ƙwarai, musamman da ruwan sanyi. Zafin rana fa? Murna mai yawa? Barci yana warware shi? Duk aka ce e. Ta ɗebi jini aka aika wani wuri mai nisa, muka yi watanni muna jira. Ranar da sakamako ya zo, 'yata ma ta biyo mu, ta zauna can bakin ƙofa kamar rakiya ta yo.

Likita ta ce cuta ce da ba kasafai ake ganinta ba. Wani ɗan kuskure ne a ƙwayoyin halittar yarinyar, kuma mafi yawan lokuta a jikin yaron yake farawa, don haka kada dangin uba su hararo na uwa. Na ce, "Kin kashe wata shari'a, likita, don na riga na shirya wa surukaina jawabi." Ta yi murmushi, sannan ta gyara zama.

"Baba, saura abu guda. Abin da ya sami matsala a ƙwaƙwalwarta, irinsa yana aiki a zuciya, yana cikin masu daidaita bugunta. Wasu yaran masu wannan ciwo bugun zuciyarsu kan rikice ba sallama, alhali a ido lafiyarsu lau. Ina so likitan zuciya ya auna ta."

Ta rubuta takarda ta miƙo mini, don ni ne babba. Ta kuma ja mana kunne kada a watsa wa yarinyar ruwan sanyi. Aka ce mu dawo wata rana.

Da muka iso gida na kwantar da Dada a tabarma, na ce ta yi shiru Kaka zai ji labarin da cikinta yake bayarwa. Na kara kunne. Dif, dif, dif, kamar agogon bango da sabon batir. Na ɗago na yi shela har maƙwabta suka ji: zuciyar nan ta fi ta bijimi, ciwo a hannu da ƙafa yake, kada a ƙara wa yarinya wanda ba ta da shi. Na linke takardar na danne ta da rediyo.

A nan zan faɗi abin da ban faɗa a majalisa ba. Gaskiya ne duk tafiyar Kano sai ta tayar mata da ciwon, ga zafin mota ga hayaniya, wani lokaci a kafaɗa nake shigo da ita gida. Da wannan nake kare kaina. Amma ainihin abin tsoro ne. Hannu in ya saki ina gani, ina murza shi, barci ya dawo mana da shi. Zuciya kuwa ban san me zan murza ba. Sai na ga in ba a auna ba, kamar babu.

'Yata tana zuwa duk bayan mako biyu da nono da man shanu. Ta gaishe ni a durƙushe, ta shiga ɗakin uwarta. Daga baya na ji cewa kowane zuwa sai ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, an koma kuwa?" Uwar ta ce, "Baffanki ya ce ba komai." Shi ke nan. Ya za ta tsaya gaban ubanta ta yi masa gardama a kan 'yar fari? Ta ga takardar a ƙarƙashin rediyo, har ta taɓa goge ƙurar wurin ta mayar da ita yadda take.

Wata Asabar da hantsi tana gidan, tana taya uwarta tsince shinkafa. Ina kan kujera ina aske gemu. Dada na gefena tana jera marafan kwalba, wai shanunta ne, ta ba ni guda ɗaya gurguwa. Sai na ji shiru. Na waiga na gan ta kife a kan shanun.

Wannan ba irin wanda muka saba ba ne. In gefe ya saki, idonta biyu, tana fushi tana ture mutane da hannun da ya rage. Yau babu kuka, babu motsi, leɓɓanta sun yi toka-toka. Ban san sanda na isa randa ba. Duk wanda ya suma a ƙasar nan ruwa ake sheƙa masa, ni kaina na farfaɗo da mutum ya fi a ƙirga. Na ɗago moɗa sai na ji an riƙe mini hannu gam.

"Baffa, ban da ruwa! Likita ta hana!"

'Yata ce. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta sake ni ta sunkuci yarinyar, a gabana, a gaban uwarta, ta manna ta a ƙirji tana kiran sunanta. Sunan gaske, sunan mahaifiyata, har sau uku. Ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ina tsaye da moɗa, rabin fuskata kumfa.

Ban san tsawon lokacin ba. In na ce shekara za a ce na fara halina, amma haka na ji shi. Sai Dada ta ja numfashi, ta buɗe ido, ta fashe da kuka. 'Yata ba ta sauke ta ba. Ta dube ni ido cikin ido.

"Baffa, ina takardar?"

Ta san inda take. So take in ɗauko da hannuna. Na je na ɗaga rediyon.

A ranar muka kai ta asibitin Dutse aka duba ta, Litinin muna Kano. Likitan zuciya dattijo ne mai ƙarancin magana. Aka manna wa Dada wasu 'yan faifai a ƙirji da wayoyi, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane kamar sawun kaji. Sannan aka rataya mata wani ɗan akwati, bai kai wayar hannu ba, aka ce ta yini ta kwana da shi yana rubuta kowane bugu. Na ce mata rediyonta ne, tashar Kaka kaɗai yake kamawa. Ta hana kowa taɓawa.

Da muka mayar, likitan ya baje zanen a tebur ya sa biro a wasu wurare. Ya ce mafi yawan yini bugun daidai yake, amma akwai lokutan da yake yin jinkiri, har ya ɗan dakata kafin ya ci gaba. Ba zai rantse cewa shi ya sumar da ita ba, amma ba zai yi wasa da shi ba.

Na ce, "Likita, wallahi na saurara da kunnena. Lafiya lau na ji."

"Na yarda, Alhaji. Ni ma da na saurara ɗazu lafiya lau na ji. Minti nawa ka yi kana ji?"

Na ce kamar ɗaya.

Allah ya saka masa, ya rufa mini asiri ya wuce gaba. Ya ce za a riƙa auna ta a kai a kai. In dakatawar ta ƙaru ko ta sake suma, akwai 'yar na'urar da ake sa wa a ƙirji ta riƙa tsare bugun, za a zauna a yi shawara. Ya ba da kati, ya ce duk inda za a ba ta magani ko allurar barci a fara nuna shi. Wannan karon bai miƙo mini ba, ni ma ban miƙa hannu ba. 'Yata ta karɓa ta sa a jakarta.

Kafin mu tafi ya haɗa mu da wata nas ta koya mana abin yi in yarinyar ta faɗi ba numfashi. Ta kawo mutum-mutumin roba ta shimfiɗa, ta nuna inda ake dannawa a ƙirji da yadda ake ƙirgawa. Na naɗe hannun riga na ce a matsa, wanda ya kayar da bijimi shi kaɗai ba roba ce za ta gagare shi ba. Dannawar farko abin ya yi ƙara, nas ta ce, "Baba, a hankali, yarinya ce ba kwaɓin gini ba." Na sassauta, ta ce na yi sanyi. Na ɓata ƙirga sau biyu. Kafin a je ko'ina hulata ta faɗi, ina haki, gwiwoyina suna kiran sunan Allah.

'Yata ta durƙusa. Ta danna, ta ƙirga, ta hura, ta sake. Nas ta gyara mata hannu sau ɗaya, ba ta ƙara ba. Mai ɗakina ma ta yi nata daidai gwargwado. A nan aka yanke cewa 'yata za ta dawo Takur da zama na wani lokaci, mijinta ya amince ta waya. Da muka fito, ita ta goya Dada, a tsakiyar mutane, har bakin motata.

Mun wuce Wudil kowa ya yi shiru, ni kuwa shiru ba ya zama da ni. Na ce to, yanzu sai a raba aiki, kowa ya san matsayinsa in abu ya taso, Allah ya kiyaye. Ni zan tsaya a kan komai, in riƙa ba da umarni, tunda na fi kowa sanin jiki.

Mai ɗakina ba ta ko juyo daga taga ba.

"Alhaji, an riga an raba. Kai naka ka tayar da mota, ka kama bakinka."