Ranar da Aka Yi wa Baba Gwalo

Mahaifinmu hatsi yake sayarwa a kasuwar Babura tun kafin a haife ni. Wata rana da hantsi yana cikin awon gero, tiya ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, ya sulale ya zauna a kan buhu. Ina aji a firamaren da nake koyarwa a Kazaure aka bugo min waya. Likita ya ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Da aka sallame mu daga asibiti ƙafar ta fara motsi, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa, wadda mai kaya ke faɗa idan tayi bai yi masa ba: albarka.

Limamin unguwarmu ya zo dubiya, ya yi doguwar addu'a, muka shafa muka ce amin. Baba ya dube shi ya ce, "Albarka." Sai liman ya sake ɗaga hannu ya ƙaro wata. Inna, mahaifiyarmu, ta fi kowa shan wahala. Ta ce, "Malam, a kawo tuwo?" Ya ce, "Albarka." Ta juya da kwanon, ya hau dukan tabarma da hannun hagu. A zaure muke ɓoyewa mu yi dariya, don yana gane duk abin da ake faɗa, wani lokacin ma in kalmar ta fito ba da sonsa ba sai ka ga hawaye.

Abin da ba na dariya ba shi ne ruwa. Da ya kurɓa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Ya rame, ga zazzaɓi yana zuwa yana tafiya.

A nan ne aka tuna da ƙanwata, 'yar ƙanin Baba. Da farko nas ce, ta daɗe a ɗakin masu shanyewar jiki a wani babban asibiti a Kano. Ta taɓa gaya min abin da ya fi ci mata rai a can: mutum ya tsallake ciwon da ya kawo shi, sai ciwon ƙirji ya kashe shi, saboda abinci da ruwa suna bin hanyar numfashi ba wanda ya lura. Shi ya sa ta ajiye allura ta tafi kudu ta karanci gyaran magana da haɗiya. Da ta dawo, da safe tana ganin yara masu in'ina da waɗanda aka ɗinke wa leɓe, da rana kuma manya irin Baba. A gida ba wanda ya ɗauki wannan a bakin aiki. Likitar surutu muke ce mata. Baba da kansa, lokacin yana da baki, ya taɓa tambayar ta wace makaranta ta shiga kafin ta iya cewa mama.

Ranar Asabar ta iso da jaka ƙarama. Ba allura a ciki, ba ƙwaya. Madubi ne, da cokali, da tocila. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya ce albarka, ta ce, "Na gode, Baba," kamar gaisuwar ke nan. Ta sa muka tayar da shi zaune sosai, ta ɗora yatsunta a maƙogwaronsa, ta ba shi ruwa cokali ɗaya. Ya ƙware. Ta sa Inna ta dama kunu mai kauri, ta ce, "Baba, a sunkuyar da haɓa kaɗan, a haɗiye sau biyu." Ya wuce lafiya. Ta ce daga yau ba ruwa tsinkakke, ba shayi, ba ci a kwance, fura ma sai mai kauri wadda ba gaya a ciki. Inna ta ce to rubutun da liman yake aikowa fa? Ta ce a dama shi a cikin kunun, ai duk ciki ɗaya za su.

Sai aka zo kan harshe. Ta zauna a gabansa ta ce, "Baba, a yi haƙuri, a yi yadda na yi." Ta zaro harshenta waje gaba ɗaya.

Daidai lokacin Gwaggo ta ɗaga labule. Yayar Baba ce, daga Roni ta taso da ƙwaryar fura. Ta tsaya cak.

"Innalillahi! Ke! Yayan ubanki kike wa gwalo? Don kin ga Allah ya kwantar da shi?"

"Gwaggo, magani ne."

"Maganin gidanku! Kai kuma kana tsaye kana kallo, wai kai malamin makaranta?"

Na buɗe baki zan yi bayani, sai Baba, da ƙyar, yana karkarwa, ya turo harshensa waje. Ba ƙanwata ya nufa ba. Gwaggo ya duba. Ta ajiye ƙwaryar a hankali ta ce, "Ni kake wa?" Kafaɗarsa ta fara rawa. Tun da ya kwanta ba mu ga dariyarsa ba sai ranar.

Ƙanwata ba ta bar damar ta wuce ba. Ta ce ita Asabar kawai take iya zuwa, ana buƙatar wanda zai riƙa yi da shi kullum, kuma ni da Inna nauyinsa muke ji. Gwaggo ta ce Allah ya kiyaye, da tsufanta. Kwana biyu ta zo yi, ta yi wata biyu. Kowace safiya bayan an karya za ka same su a tsakar gida, tsofaffi biyu suna fuskantar juna: harshe dama, harshe hagu, a kumbura kumatu, a hura ƙyalle. In ya yi kasala ta ce, "Da muna yara ai ba a koya maka ba." Matan maƙwabta suka daina leƙowa da safe, don ba su san inda za su sa idonsu ba.

Haɗiya ta gyaru kafin magana. Ƙanwata ta gwada shi da Fatiha, ta fito tiryan-tiryan, har shi kansa ya firgita. Ta ce abin da baki ya saba yakan riga dawowa. Amma in ta nuna masa kofi ko hula ta ce mene ne wannan, sai ya yi ta lalube ya ƙare da tsaki. Ta ce min, "Yaya, kofi bai dame shi ba. Me ya fi sani a duniya?"

Asabar ta gaba ta tsaya a Kazaure ta sayo gero da dawa da wake, ta zuba a 'yan kwanuka ta jera a gabansa. Ta tura masa geron ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya ɗiba da hannun hagu, ya murza, ya sunsuna, ya ɓata rai. Leɓensa ya daɗe yana motsi.

"Na... bara... ne."

Ƙanwata ta ce, "Mai shagon ya rantse min na bana ne."

"Ƙar... ya."

Inna ta rangaɗa guɗa, Gwaggo ta fashe da kuka, shi kuwa ko a jikinsa, geron yake ta harara.

Bayan kaka ya koma kasuwa. Ba ya awo yanzu, yana zaune ne a bakin rumfa da gorar kununsa, yana magana a hankali, kalma-kalma. Hannun daman bai dawo ba, kuma wasu kalmomin har yau musanya suke masa. Da ƙaramar Salla na dama masa koko, ya ce in sa gishiri. Na ce, "Baba, sukari dai?" Ya ce shi ya san abin da ya faɗa. Na zuba gishirin. Ya kurɓa, ya runtse ido, ya sunkuyar da haɓa ya haɗiye sau biyu, ya shanye kofin tas yana kallona, don kada a ce ya yi kuskure.