Wuƙar Goro a Aljihun Jikana

Ni dai aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a bakin kasuwa. To in irina ya ce zai yi magana a kan kimiyya, sai kowa ya gyara zama.

Jikana ne ya shigo mana da ita gida a unguwarmu ta Lozells, nan ƙasar Turawa, yana ɗan shekara sha huɗu. Wata Bakanuwa mai neman digiri na uku a Manchester ce take tasowa daga unguwarta Withington duk Laraba zuwa makarantarsu, ta koya musu yadda ake gano mai laifi ta zanen yatsa. Yaron nan ya ƙarar mana da garin koko da salatif. Kofi, murfin tukunya, har tabarauna bai tsira ba.

"Tsoho, kai ka shanye madarar Mama," in ji shi da Hausarsa mai ɗingishi. "Ga babban yatsanka."

Na ce, "Ɗan nema, yatsan nan ya girmi uwarka. Sai lauyansa ya zo zai yi magana."

Wata Laraba ya dawo jiki a sanyaye. Malamar ta gaya musu cewa da yawa cikin waɗanda ake ɗaukar yatsunsu da gaske, daga korar makaranta suka faro: yau kora, gobe titi, jibi gidan yari. Na ce ya kwantar da hankalinsa, shi in an kore shi to surutu ne.

Ina da wata 'yar wuƙa da ba ta kai tsawon yatsa ba. Tun da haƙorana suka yi ritaya, da ita nake yayyanka goro. Ran wata Lahadi sanyi ya matsa, na ari jaket ɗin yaron zuwa masallaci. Na mayar masa da jaket, wuƙa na ciki. Litinin aka yi bincike a ƙofar makaranta, aka same ta a aljihunsa.

Shugaban makarantar ya tambaye shi wuƙar wa ce. Ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Ni na koya masa haka: ba a kallon babba cikin ido, ba a tona asirin na gaba. Su kuwa suka rubuta cewa ya ƙi magana, ya ƙi kallon mutane. Da yamma 'yan sanda suka ɗauki yatsunsa goma, ba da koko ba.

Ranar zaman kwamitin makarantar na sa babbar riga, na miƙa musu babban yatsana.

"Ku barbaɗa wa wuƙar nan hoda," na ce, 'yata tana fassarawa. "Ni za ku gani. Mai laifin ya kawo kansa."

Ba wanda ya yi dariya. Malamar ta zo takanas, ta ce ba ta da ɗalibi kamarsa, ta yi musu bayanin sunkuyar da kai a wajenmu. Suka saurare ta da ladabi. Sannan suka ce dokarsu ba ta tambayar wuƙar wa, aljihun wa take tambaya. Kora ta tabbata.

Yanzu wata cibiya yake zuwa a unguwar Erdington, inda ake tara waɗanda aka kora. Rabin yini ne, babu Laraba irin waccan. Ina raka shi bakin bas, ina kallon waɗanda yake gaisawa da su, ina jin maganar malamar nan a kunnena.

Jiya da gangan na shanye madarar, na bar masa kofin a ɗaki da shatin yatsu biyar ɓaro-ɓaro. Ya ɗauka ya wanke.