Yatsun Ajimi Mai Ƙofa

A Tumfure ba wanda ke ce masa makanike, Ajimi Mai Ƙofa ake kiransa. Ba ruwansa da inji. Aikinsa ƙofar mota ne: gilashin da ya ƙi hawa, hannun da ya karye, makullin da ya cije. A Bama ya koyi sana'ar. Da gari ya gagari zama, ya goyo mahaifiyarsa Ya Aisa suka bi daji, har Allah ya sauke su a Gombe. Ya kafa rumfar kwano a gefen wata gonar masara, kusa da inda ake ta gina sababbin gidaje.

Wata Talata da hantsi Baba Bobbo, tsohon ma'aikacin gwamnati daga unguwar Federal Low-Cost, ya kawo Fijo 504 ɗinsa mai ruwan madara, wadda ta girmi Ajimi kansa. Makullan ciki duk sun mutu, jikoki na buɗe ƙofa ana cikin tafiya. Ya miƙa masa wasu makullan da ya samo wajen 'yan gwangwan.

"Ka lallaɓa ta, ɗana. An daina ƙera irinta."

Ya tari keke ya koma gida.

Ajimi ya ɓalle kwalin kowace ƙofa, yana zura hannu ta ramin ƙarfen yana laluben siririyar sandar da ke haɗa maɓallin sama da sakata. Ya gama uku. Yana zaune a kujerar baya yana fama da ta huɗu sai ya ji ihu.

Lazarus ne, wani mai keke da ya saba shan inuwa a rumfarsa, ya taho a guje jini ya wanke masa fuska. 'Yan kalare, 'yan daban Gombe, na biye da shi da adduna da gorori. Ashe tare shi suka yi ya kai su wajen faɗa, ya ƙi.

"Oga Ajimi, za su kashe ni!"

"Shigo nan!"

Lazarus ya faɗo cikin motar. Ajimi ya miƙa ya danne maɓallan nan uku, ya janyo ƙofar da bai gama ba, ya cafke ƙarfenta da hannu biyu, ya tokare ƙafa da jikin mota.

Suka yi wa motar zobe. Suka ja wannan ƙofa, suka ja waccan, ba wadda ta motsa. Babbansu, wani mai jan ƙyalle a goshi, ya gane inda ake riƙewa.

"Sake, ko mu haɗa da kai!"

Ajimi ya ƙara ƙanƙame ƙarfen. Gora ta sauka a gilashin gaba, ya tarwatse. Wani ya fasa na gefen direba ya zuro hannu zai ɗaga maɓalli, Lazarus ya rarumi sukudireba ya caka masa a bayan hannu. Ya kurma ihu ya ja da baya. Shi kuwa mai jan ƙyallen ya fasa tagar Ajimi, ya zuro adda ya sare shi a hannun dama, ya ƙara. Ajimi ya ga yatsunsa biyu sun faɗa cikin ramin ƙofa. Ya saƙalo damtsen hagu a ƙarfen, ya kwanta da baya yana salati.

Magina da ke aiki a gidan gaba ne suka diro da shebur da diga, maƙwabta suka biyo da duwatsu. 'Yan kalaren suka faɗa cikin masara.

A asibiti Ya Aisa ta yi ta kuka tana faɗa da yaren Kanuri, wai me ya kai shi rigimar da ba tasa ba. Baba Bobbo ya je ya ga motarsa, kujeru duk jini da ɓaraguzan gilashi, ya juya ya nufi asibitin. Kullum sai ga shi da kwanon abinci.

Lazarus ya warke, ya koma garinsu Kaltungo. Ajimi kuwa, tun da aka ce 'yan kalaren na cigiyarsa, ya kwashe kayan aikinsa zuwa unguwar Madaki, ya koya wa hannun hagu riƙe filaya. Aikinsa ya rage sauri, ya yi aure, yana da 'ya mace. In baƙon mai mota ya tambayi abin da ya sami hannun, sai ya ce ƙofa ce ta datse shi.